Katun ɗin Sinawa na almarar kimiyya da barkwanci: me ya sa yake karɓuwa a gida fiye da waje?

Baban Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga 'yan'uwa da suka san harkar fina-finan ƙasar Sin, musamman waɗanda suka zauna can ko suke bin labarin kasuwar sinimarsu. Yarana suna kallon katun ɗin Boonie Bears a YouTube, wanda abin da na sani game da shi bai wuce beyar biyu da ke hana wani mai saran itace sakat a daji ba. Kwanan nan na karanta cewa fim ɗin sinima da aka yi da waɗannan dabbobi a 2024 ya tara kusan yuan biliyan 2, wato sama da dala miliyan 270, kuma labarinsa na tafiya tsakanin zamani da zamani ne, bayan wasu da suka gabace shi masu mutum-mutumi da baƙin halittu daga sararin samaniya.

Abin da nake son fahimta shi ne yadda aka yi rigimar daji ta rikiɗe ta zama almarar kimiyya, da kuma dalilin da ya sa Sinawa suke tururuwa zuwa kallonsa alhali a wajen ƙasarsu ba a cika jin ɗuriyarsa ba. Shin ingancin fim ɗin ne ke jawo su, ko kuwa akwai wani abu dabam? Sannan, a matsayina na uba, zan so in ji ko waɗannan fina-finai sun dace a zauna a kalla tare da ƙananan yara. Na gode.

Mazaunin Guangzhou ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan amsa ɓangaren da ya shafi kasuwa, domin a ganina duk wanda bai fahimci lokacin da ake sakin waɗannan fina-finai ba, alƙaluman za su ruɗe shi.

Kamfanin Fantawild da ke birnin Shenzhen ne yake yin wannan katun. An fara nuna shi a talabijin a 2012, fim ɗin sinima na farko kuma ya fito a Janairun 2014, inda ya tara kimanin yuan miliyan 247. Daga nan suka mai da shi abin kowace shekara, kuma tun daga 2017 suke sakinsa a ranar farko ta bikin bazara, wato sabuwar shekarar Sinawa. Shekara ɗaya kaɗai aka samu giɓi, ita ce 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka janye duk fina-finan bikin a ranar da aka rufe birnin Wuhan, aka ɗage nasu zuwa Fabrairun 2021. Na 2019 ya haura yuan miliyan 700, na 2022 ya kusa biliyan 1, na 2023 ya tsaya dab da biliyan 1.5, sannan wanda ka ambata na 2024 ya kusa biliyan 2.

Makon bikin bazara shi ne mafi tsoka a kasuwar sinimar Sin. Masana'antu da kasuwanni suna rufewa, ma'aikatan da suka shekara a manyan birane suna komawa garuruwansu, yara suna hutun makaranta kuma aljihunsu cike da kuɗin da manya suka ba su a jajayen ambulan, abin da za ka iya kwatantawa da barka da sallah a wurinmu. A cikin kwanaki 8 na hutun 2024, kuɗin tikiti a faɗin ƙasar ya haura yuan biliyan 8. Fina-finan da ake fitarwa a wannan mako ba su da yawa, galibi shida zuwa takwas ne, kuma kusan dukkansu na gida ne, domin ba a saba sa sabon fim ɗin Amurka a cikinsu ba. To idan iyali sun fita da kaka da uwa da ɗan shekara biyar, sai ka tarar sauran fina-finan ko dai na yaƙi ne, ko na barkwancin manya, ko kuma sun kusa awa uku. Abin da ya rage musu shi ne beyar, wanda ba ya wuce awa ɗaya da minti arba'in ko makamancin haka. Yaro ɗaya kuwa ba ya shiga sinima shi kaɗai, saboda haka sha'awarsa tana sayar da tikiti uku ko huɗu.

Na taɓa shiga kallon ɗaya daga cikinsu a wata cibiyar kasuwanci a nan, a lokacin da shagunan da muke sari suke kulle babu abin yi. A bakin ƙofa akwai tarin matasai da ake ba yara su ɗora a kan kujera domin su hango allo, ana kuma sayar da gugguru a robobi masu siffar kan beyar. Zauren bai yi shiru ba daga farko har ƙarshe, domin yara suna kiran sunayen dabbobin da ƙarfi suna faɗa musu cewa ga mugu nan a bayansu. Wani dattijo da ke gefena ya yi barcinsa har da minshari, jikarsa tana tsaye a kan kujera, kuma babu wanda ya tsawata wa kowa. Wanda ya ga wannan zai gane cewa fita ce ta iyali aka saya, fim ɗin kuwa dalilin fitar ne.

Ya kamata a ƙara da cewa ƙasar tana da allunan sinima fiye da 80,000, kuma da yawa daga cikin sababbin a ƙananan birane suke, inda jama'a ke komawa lokacin biki. Kamfanin kuma yana da wuraren shaƙatawa masu yawa a sassan ƙasar, inda yara ke cin karo da waɗannan dabbobi duk shekara, ban da talabijin da kayan wasa.

Malama Mai Nazarin Fim ta rubuta:

Bayanin ɗan'uwa na Guangzhou gaskiya ne, amma ina ganin bai isa shi kaɗai ba, kuma ga hujjata. Kafin beyar, akwai katun ɗin Pleasant Goat, na awaki da kerkeci, wanda wani kamfani na Guangzhou ya fara a talabijin a 2005, ya kuma riƙa fitar da fim duk shekara a lokacin hutun hunturu daga 2009 zuwa 2015. Yana da farin jini a wurin yara, yana da lokacin hutu, amma a duk tsawon waɗannan shekaru babu fim ɗinsa da ya kai yuan miliyan 200, a ƙarshe ma kasuwarsa ta ja baya har aka dakatar da shi na wasu shekaru. Da lokacin saki kaɗai ne sirrin, da awaki ba su faɗi ba. Bambancin shi ne masu beyar sun lura da mutumin da ke biyan kuɗin tikiti, suka fara rubuta masa nasa rabon a cikin labarin, kuma almarar kimiyya ce ta ba su hanyar yin haka.

Asalin shirin talabijin ɗin abu ne mai ƙunci. Qiang mai sanƙo yana so ya sare bishiyoyi saboda maigidansa yana matsa masa ta waya, wa da ƙane beyar, Xiong Da mai wayo da Xiong Er mai son zuma da ƙuruciya, suna hana shi, a yi guje-guje a tashi. Wannan yana ɗaukar minti goma, amma ba zai ɗauki fim guda ba, balle a maimaita shi kowace shekara. Saboda haka suka riƙa kawo wata na'ura ko wani abin al'ajabi da zai ɗauke jaruman uku daga dajin. A 2018 na'urar ƙanƙance abubuwa ce ta mai da su ƙanana, a 2019 suka faɗa zamanin mutanen farko, a 2021 aka kawo fasahar sauya ƙwayoyin halitta da ke mai da mutum dabba, a 2022 kuma wani baƙo mai kama da kyanwa ya faɗo daga sararin samaniya. A hankali mai saran itacen ya daina zama abokin gaba, ya zama abokin tafiya, har ma ya bar sana'ar ya koma mai yi wa masu yawon buɗe ido jagora.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne fina-finan 2023 da 2024. A na 2023, tambayar ita ce ina mahaifiyar beyar ɗin ta shiga tun suna ƙanana, kuma (a gafarce ni zan tona ƙarshen labarin) amsar ita ce wadda ta raine su mutum-mutumi ce da aka ƙera, wadda ta yi nesa da su domin ta kare su. Yaro yana kallon faɗan injuna yana tsalle, uwar da ta kawo shi kuwa wani abu dabam take gani, musamman a ƙasar da miliyoyin iyaye suke barin 'ya'yansu a ƙauye wurin kakanni su tafi aiki birni, ba sa ganinsu sai a wannan makon biki. Fim ɗin ya zo na uku a wannan biki, bayan manyan fina-finai biyu na manya da kowanne ya kai yuan biliyan 4, ya kuma wuce wani katun mai zane na ƙwarewa da aka shafe shekaru ana aikinsa. A na 2024 kuma aka nuna Qiang a matsayin ma'aikacin kwamfuta a ofis cikin babban birni, wanda maigida ke juya shi yadda ya so, yana ta mafarkin wani daji da ya manta. Yaran da suka fara kallon shirin a 2012 suna da shekara goma sun shiga jami'a ko sun fara aiki a 2024, kuma da yawansu sun je kallon fim ɗin ba tare da wani yaro ba, suka cika shafukan sada zumunta da cewa labarinsu aka bayar.

Akwai kuma yanayin da ƙasar take ciki. Bayan nasarar fim ɗin almarar kimiyya na Sin The Wandering Earth a 2019, wanda aka ɗauko daga labarin marubuci Liu Cixin kuma ya haura yuan biliyan 4.6, hukumar fina-finai da ƙungiyar kimiyya da fasaha ta ƙasar sun fitar da matakai goma na ƙarfafa fina-finan almarar kimiyya a Agustan 2020. A 2021 na'urar Zhurong ta sauka a duniyar Mars, a ƙarshen 2022 aka kammala tashar sararin samaniya ta Tiangong. Uban da ke ganin waɗannan a labarai yana jin cewa fim mai kumbo da mutum-mutumi zai ƙari ɗansa da wani abu. Ni dai a ra'ayina kimiyyar da ke cikinsu ado ce kawai, babu yaron da zai koyi lissafi a ciki, amma ta buɗe wa marubutan ƙofar da dajin ya rufe musu.

Hajiya Maman Sadiq ta rubuta:

Malam Baban Ummi, bari in taɓa tambayarka ta ƙarshe, tunda ita ce ta fi damun iyaye. Su kansu Sinawa sun yi wannan muhawara. A Afrilun 2013, a lardin Jiangsu, wani yaro ya ɗaure wasu yara biyu 'yan gida ɗaya a jikin bishiya ya cinna wuta, yana kwaikwayon yadda kerkeci ke gasa awaki a wancan katun da Malama ta ambata, yaran suka ƙone sosai, kuma kotu ta ɗora wa kamfanin kashi 15 cikin ɗari na diyyar. A Oktoban wannan shekara babban shirin labarai na gidan talabijin na CCTV ya ambaci katun ɗin awakin da na beyar da suna, yana sukarsu kan duke-duke da kalaman da ba su dace ba. Bayan haka aka gyara tsofaffin shirye-shiryen, aka rage zagi da nuna makami.

Abin lura shi ne ƙasar Sin ba ta da tsarin rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo irin na Amurka ko Ingila. Fim ko dai hukuma ta amince kowa ya kalla, ko ta hana shi gaba ɗaya, shi ya sa masu yin na yara suke taka tsantsan ƙwarai. A waɗanda na kalla tare da yarana ban ga tsiraici ko batsa ba, kuma girmama iyaye da riƙon zumunci suna da ƙarfi a cikinsu. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne rabin awa na ƙarshe, inda kusan kullum ake yin doguwar gwabzawa da manyan injuna cikin ƙara da walƙiya, sannan a nuna kamar wani jarumi ya mutu. Ƙaramin ɗana ya yi kuka sosai a na 2023 lokacin rabuwa da uwar. Ɗan ƙasa da shekara shida yana buƙatar babba a kusa da shi, kuma ka shirya amsa tambaya kan ko inji yana da rai, domin lallai za a yi maka ita.

Mai Sharhi ya rubuta:

Ina girmama ra'ayin Malama, sai dai ina jin ta ɗan yi wa fina-finan kara. A shafin Douban, inda matasan birane masu ilimi suke ba fina-finai maki, waɗannan fina-finai galibi suna yawo ne tsakanin 6 da 7 da 'yan kai cikin 10. Wannan maki ne na abin da ba ya kunyata mai shi, ba na abin da ake tunawa ba. Ƙorafin da ake yawan yi shi ne tsarinsu ɗaya ne duk shekara, barkwanci a farko, gwabzawa a tsakiya, hawaye a ƙarshe, kuma mai kallon da ya saba da fina-finan Amurka da Japan yana gane inda aka aro dabaru da dama. Su Sinawa ma suna zolayarsa da cewa duk wanda ya zo biki zai tafi, beyar ne kaɗai ba ya gushewa, abin da ya fi kama da yabon juriya fiye da yabon fasaha.

Shekarar 2025 ta gwada maganar. An fitar da fim ɗin da aka tallata a matsayin na ƙarshe cikin jerin biyar na almarar kimiyya, labarin duniya bayan shekara ɗari da wasu tsirrai masu guba suka mamaye ta, amma a rana ɗaya da shi, 29 ga Janairu, aka saki wani katun ɗin Sinawa, Ne Zha 2 na darakta Jiaozi. Wannan ya haura yuan biliyan 15, ya zama katun mafi samun kuɗi a tarihin duniya, beyar kuwa ya sauko zuwa kimanin miliyan 800, ƙasa da rabin abin da ya samu a shekarar da ta gabata. Da zarar iyali sun sami wani katun da za su iya shiga tare, sai suka koma can. Wannan ya ƙarfafa maganar ɗan'uwa na Guangzhou cewa rashin abokin takara yana cikin abin da ya ɗaga shi. Duk da haka, adalci ya sa in ce miliyan 800 ba ƙaramin abu ba ne, idan aka tuna cewa katun ɗin Amurka Kung Fu Panda 4 bai kai yuan miliyan 400 a Sin ba a 2024.

Game da waje kuwa, ba daidai ba ne a ce ba a san su ko kaɗan ba. Ana nuna su a sinimomin Turkiyya da Rasha da muryoyin harsunan ƙasashen, an kuma kai wasu Ingila, inda masu sharhin jaridu suka karɓe su da sanyin jiki. Amma kuɗin da suke samu a waje ɗigo ne idan aka auna da na gida, kuma dalilan a fili suke. Mai kallo a Landan bai girma da waɗannan dabbobi ba, don haka fim na goma da ke dogara da kewar ƙuruciya ba ya taɓa shi. Yawancin barkwancin yana cikin karin harshen Xiong Er na ƙauye da zantukan intanet na Sinawa, waɗanda suke zubewa idan an sauya murya. Sannan ana kai su ne watanni bayan biki, a 'yan sinimomi kaɗan, ba tare da tallan da zai yi gogayya da na Disney ba.

Akwai misalin da ya bi akasin wannan hanya. Katun ɗin Next Gen, labarin wata yarinya da mutum-mutumin yaƙi, an ɗauko shi ne daga wani labarin zane na intanet na Sin, aka yi aikinsa da wani kamfanin Kanada cikin salon Amurka, kuma Netflix ya saye shi a kan dala miliyan 30 a 2018. Ya sami masu kallo a duniya, amma da aka kai shi sinimomin Sin bai yi kasuwa ba.

Baban Ummi ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Tambaya ɗaya ta rage mini, Malama. Idan mutum zai zaɓi guda ɗaya ya fara da shi tare da yara masu shekara bakwai zuwa goma sha ɗaya, wanne ya fi dacewa?

Malama Mai Nazarin Fim ta rubuta:

Malam, ka fara da na 2022, mai baƙo daga sararin samaniya. Labarinsa yana tsaye da kansa ba tare da buƙatar sanin na baya ba, kuma ya ginu ne a kan ƙanen da kowa yake ɗauka ba ya iya komai, abin da yaran da ke da yayye suke saurin fahimta. Na 2023 ya fi shi nauyi da kyawun rubutu, amma ka bi shawarar Hajiya ka zauna tare da su. Na 2024 kuwa ka ajiye shi zuwa gaba, domin yana yawan komawa ga fina-finan da suka gabata, kuma rabonsa mafi girma na wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin maigida ne. Idan ka sami zaɓi tsakanin wanda aka sauya wa murya zuwa Turanci da na asali mai rubutu a ƙasa, ka ɗauki na Turancin saboda ƙaramin cikinsu, domin maganar tana da sauri kuma ba zai iya bin rubutun ba.